Tambayoyi da Amsoshi kan Yanayin Aikatau a Turanci: Daga Ina "If I Were" Ta Fito?

Yaro ya yi shekara shida a firamare ana cusa masa cewa *I was* ake faɗa, *were* kuwa ta *you* da *we* da *they* ce. Yana shiga sakandare, wata rana malami ya rubuta *If I were you* a allo, ya ce wannan ita ce daidai. Daga nan kai yake ɗaurewa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu shirin WAEC da NECO da JAMB suka fi yi, har da ma'aikatan da ke fama da rubuta wasiƙun ofis da rahoton taro.

Mene ne "mood" a nahawun Turanci? Ba halin da zuciya ke ciki ba ne?

Kalmomi biyu ne suka yi kama da juna. Akwai *mood* ta yau da kullum, wadda ake faɗa idan mutum yana cikin fara'a ko ransa a ɓace. Wannan tsohuwar kalmar Turanci ce, *mod*, wato zuciya ko rai. Ta nahawu kuwa tushenta Latin ne, *modus*, ma'ana hanya ko salo. Abin da take nufi shi ne sigar da aikatau ke ɗauka don ya nuna yadda mai magana ya ɗauki zancensa: labari yake bayarwa, ko umarni, ko fata yake yi, ko kuwa yana ƙaddara abin da bai auku ba. A nan za mu riƙa ce masa yanayin aikatau.

Gwada da Hausa ka ji. "Sun zo." "Ku zo!" "Allah ya sa su zo." "Da sun zo, da an raba da su." Aikatau ɗaya ne, "zo", amma na farko kaɗai ne ke cewa zuwan ya tabbata. Sauran ukun, mai magana yana nema ne, ko yana roƙo, ko yana cizon yatsa.

Yanayin nawa ne a Turanci? Wani littafi ya ce uku, wani ya ce biyar.

Nahawun gargajiya uku ya sani. Akwai yanayin bayani, wanda ake kira *indicative*, da yanayin umarni, *imperative*, sai yanayin fata da ƙaddarawa, *subjunctive*. Masu cewa biyar suna ƙara yanayin tambaya da na sharaɗi.

Ni dai ina tare da masu uku. Idan ka ce *He goes* sannan ka ce *Does he go?*, tsarin jimla ne ya sauya, amma har yanzu kan abin da ke faruwa a zahiri ake magana. Sharaɗi kuma Turanci ba shi da wata siga ta aikatau da ya keɓe masa, sai dai ya jingina da *would*. Faransanci yana da ita, shi ya sa a can ake lissafa ta a matsayin yanayi mai zaman kansa. Amma in malaminka ya koyar da biyar, kuma shi zai duba takardarka, ba shi biyar ɗinsa.

Mene ne bambancinsa da "tense"?

*Tense* lokaci ne: jiya, yanzu, gobe. Yanayi kuwa ba ruwansa da agogo, tambayarsa ita ce abin ya tabbata ko bai tabbata ba. Inda suke sarƙewa shi ne Turanci yana aron sigar shuɗaɗɗen lokaci don ya nuna abin da babu shi. *I had a car*, na taɓa mallakar mota. *If I had a car*, da ina da mota, wato yanzu ɗin nan ba ni da ita. Kalma ɗaya, *had*, amma ta biyun ba jiya take nufi ba.

Akwai abin lura game da yanayin bayani?

Kaɗan ne. Shi ne Turancin da ake yi dare da rana: *She sells rice. They left yesterday. It is hot.* Abu ɗaya za ka riƙe, wannan *s* da ake liƙa wa aikatau idan mai aikin *he* ne ko *she* ko *it*. Riƙe ta da kyau, domin rashinta ne zai nuna maka wani yanayin a gaba. Kuma ko ƙarya mutum ya shirga, muddin ya faɗe ta a matsayin labari, yanayin bayani ne. Nahawu ba alƙali ba ne.

Yaya ake gina umarni, kuma me ya sa ake cewa umarnina yana da kaushi?

Ginin ba wuya. Ka ɗauki aikatau tsurarsa, ba mai aiki a gabansa: *Come. Sit down. Be quiet.* Hani kuma da *don't* ake yi, har da *be*: *Don't be late*. In kai ma kana cikin waɗanda za su yi aikin, sai *let's*: *Let's go*, mu tafi. Masu jarrabawa suna son 'yar jelar tambaya da ke bin waɗannan, to *Let's go* tana ɗaukar *shall we?*, *Close the door* kuma tana ɗaukar *will you?*

Batun kaushi kuwa, a nan ne Bahaushe ke shan zargin da bai ji ba bai gani ba. A Hausa muna da matakai. "Zo" dabam, "ka zo" dabam, "ɗan zo mana" dabam, ga kuma "ku" ta girmamawa da ake yi wa babba ko da shi kaɗai ne. Turanci ya rasa wannan. Da can yana da *thou* ta mutum ɗaya da *ye* ko *you* ta jam'i da girmamawa, amma *thou* ta fita daga bakin yawancin mutane a ƙarni na 17. Yanzu *come* ɗaya ce ga yaro da dattijo. Saboda haka idan ka shiga shago a Landan ka ce *Give me water*, kai a ranka "ba ni ruwa" ka ce, wadda ba ta da laifi a wurin mai shayi a Sabon Gari, shi kuwa mai shagon ji zai yi kamar ka daka masa tsawa. Bature yana sassauta umarni ta hanyar mayar da shi tambaya: *Could I have some water, please?* Haka ma a wasiƙa zuwa ga shugabanka a ofis.

Sai dai ba duk umarni ne ke da kaushi ba. *Have a seat, Take care, Help yourself*, duk sigar umarni ce, amma tayi ne da fatan alheri, kamar mu ce "bismillah, zauna".

To shi "subjunctive" ɗin, ta yaya zan gane shi idan na gan shi?

Wahalar gane shi ita ce kusan ya ɓace. Manyan alamun da suka rage uku ne.

Ta farko, *s* ɗin nan ta ɓace inda ya kamata a gan ta. *He goes* ake cewa, amma *I suggest that he go*. Ba mantuwa aka yi ba. Tafiyar ba ta auku ba, shawararta ake bayarwa.

Ta biyu, *be* tsirara a wurin *am, is, are*. *The committee recommended that he be suspended*, kwamiti ya ba da shawarar a dakatar da shi. Duk wanda ya taɓa rubuta rahoton taro ya ci karo da irin wannan: *I move that the meeting be adjourned*.

Ta uku ita ce *were* tare da *I, he, she, it*: *If I were rich, I wish she were here, He talks as if he were the chairman*. A ta ƙarshen, *were* ce ke raɗa maka cewa mutumin ba shi ne shugaba ba, fankama kawai yake yi.

Akwai wata alama da ba kowa ke lura da ita ba, wato yadda ake kore shi. Ba a sa *do*. Sai a ce *We insist that he not travel alone*, da *not* a gaban aikatau kai tsaye. Kuma lokaci ba ya taɓa wannan sigar: *I demand that he leave* yau, *I demanded that he leave* bara, *leave* tana nan yadda take.

In mai aikin *you* ne ko *we* ko *they*, kuma aikatau ɗin ba *be* ba ne, ba za ka ga komai ba. *I suggest that they go* ta yi daidai da bayani na yau da kullum. Wannan ya sa Turawa da yawa suke amfani da shi ba tare da sun san sunansa ba.

"If I was" kuskure ne ke nan?

A bakin Turawa ba kuskure ba ne. Ana jin *If I was rich* da *I wish I was there* a Ingila da Amurka kullum, har daga bakin masu ilimi. Amma a rubutu na hukuma da ɗakin jarrabawa, *were* ake so idan abin ƙaddarawa ne. A *If I were you* kuma ta zauna daram, kada ka taɓa ta.

Akwai kuma inda *was* ce kaɗai daidai, kuma nan ne masu son burge mutane ke faɗawa rami. Idan abin yana iya yiwuwa ya faru da gaske a baya, bayani ne: *If I was rude to you yesterday, I am sorry*, in na yi maka rashin kunya jiya, ka yafe ni. Mai maganar bai kore yiwuwar hakan ba. Ga gwaji mai sauƙi: juya jimlar zuwa Hausa. In ta fara da "da", sa *were*. In ta fara da "in" ko "idan" kuma jiya ake nufi, sa *was*.

Na ga "that he go", na ga "that he should go", na kuma ga "that he goes". Wanne zan bi?

Duka ukun suna nan, ya danganta da ƙasa. Amurkawa sun fi riƙe *that he go*. Ingilishi sun daɗe suna fifita *that he should go*, a hira kuma sukan ce *that he goes*. Wani abin mamaki shi ne sigar farko, wadda aka ɗauka tana gab da mutuwa, ta farfaɗo a ƙarni na 20, musamman a Amurka, daga can kuma ta sake samun gindin zama a rubutun Ingila. A jarrabawa zaɓi ta farko ko ta biyu, ka bar ta uku.

Kalmomin da ke jawo wannan sigar duk na nema ne: *demand, insist, suggest, recommend, propose, request*, da irin su *it is essential that, it is important that*. Amma a kula, wasunsu suna da fuska biyu. *She insisted that he be at home*, ta nace lallai ya kasance a gida. *She insisted that he was at home*, ta dage cewa yana gida, wato shaida take bayarwa. Ka ga a nan yanayin aikatau ba ado ba ne, ma'ana ce sukutum ta sauya.

Hausa tana da irin wannan yanayi?

Tana da shi, har ma ta fi Turanci nesa ba kusa ba. Bahaushe ba ya yin minti biyar yana magana bai yi amfani da shi ba. "Ina so su zo." "Dole mu tafi." "Gara ka haƙura." "Na ba shi kuɗi don ya sayi taki." "Allah ya kiyaye hanya." Waɗannan ƙananan kalmomi, in, ka, ki, ya, ta, mu, ku, su, a, masu gajeren wasali da sautin ƙasa, su ne *subjunctive* ɗinmu. Dubi bambancin "sun zo" da "su zo", ko "an tafi" da "a tafi". Korewa ma dabam take: "ba su zo ba" labari ne, "kada su zo" hani ne.

Inda rubutunmu ke ɓoye shi shi ne "ya" da "ta". "Audu ya zo" a takarda tana iya zama labari, tana iya zama kira. A baki ba mai rikicewa, domin ta labari doguwa ce mai sautin sama, ta kira gajeriya ce mai sautin ƙasa. Boko ne bai nuna ba.

Wanda ya yi nahawun Larabci a zaure ko a Islamiyya ya riga ya san hanyar. Fi'ili mudari'i yana zuwa marfu'i, *yaktubu*, ko mansubi bayan *an* da *lan* da *kai*, *yaktuba*, ko majzumi bayan *lam*, *yaktub*. Masanan Turai da suka rubuta nahawun Larabci mansubi suka kira *subjunctive*. 'Yan'uwa na Maradi da Damagaram da suka yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, kuwa sun sha fama da shi a Faransanci: *tu viens*, amma *il faut que tu viennes*. Wanda ya haddace wancan, na Turanci wasan yara ne a wurinsa.

In haka ne, me ya sa muke yawan kuskure a kansa?

Saboda namu ya fi nasu faɗi, sai mu riƙa neman gurbinsa a inda Turanci bai tanada ba. "Ina so ya zo" takan fito a matsayin *I want that he should come*, alhali Bature *I want him to come* zai ce. Mafi yawan wuraren da Hausa ke sa "ya" ko "su" ta nema, Turanci *to* yake sawa: *I told them to wait, She asked me to help*. Daga nan kuma sai a zarce, a ce *I suggest him to go*, wadda ita ma ba ta halatta ba, domin *suggest* ba ta karɓar wannan ginin. Babu wata dabara a nan sai haddace wace kalma ke tafiya da wane gini.

Kuskure na biyu ya fi yawa a saƙonnin waya, shi ne haɗa *wish* da *hope*. Hausa ta raba su tsaf. "Ina fata" ita ce *hope*, abin yana iya yiwuwa: *I hope you pass*, ina fata ka ci jarrabawa. "Ina ma" ita ce *wish*, abin babu shi: *I wish I were taller*, ina ma na fi haka tsawo. Wanda ya rubuta wa abokinsa *I wish you will pass* ya gauraya biyun. Akwai dai *wish* ta gaisuwa, wadda suna ke bi, kamar *I wish you success*, wannan lafiya lau take.

Ina jimlolin sharaɗi suka shigo?

Su ne gidan da *were* ta fi zama. Hausa tana da ƙofa biyu, "in" ko "idan" ga abin da ake sa rai, "da" ga abin da bai faru ba. Turanci *if* kaɗai gare shi, don haka sai ya riƙa jan aikatau baya taki ɗaya don ya nuna nisa da gaskiya.

*If it rains, we will plant*: in aka yi ruwa za mu yi shuka. *If I had fertiliser, I would plant maize*: da ina da taki da na shuka masara, wato yanzu babu. *If it had rained in May, we would have planted*: da an yi ruwa a watan Mayu da mun yi shuka, wannan kuma bakin alƙalami ya bushe. Lura cewa "da ... da" tamu ta rufe na biyu da na uku gaba ɗaya, shi ya sa ɗalibanmu ke gauraya su. Tambayi kanka, yanzu ake nufi ko an riga an wuce wurin? In an wuce, sai *had* da *would have*.

Ana iya jefar da *if* a juya jimlar: *Were I the governor, Should you need help, Had I known*. Ta ƙarshen nan ita ce "da na sani" tamu, wadda aka ce ƙeya ce. *If I have known* da *If I would have known* duka ba sa cin maki.

"It is high time we left": me ya kawo "left" alhali ba mu tafi ba?

Wannan jan baya ɗin ne dai. Tafiyar ba ta auku ba, ya kamata a ce ta auku tuni, sai aka ari sigar shuɗaɗɗen lokaci. Haka *I would rather you stayed*, na fi so ka zauna. Masu shirya tambayoyin cike gurbi suna ƙaunar waɗannan biyun ƙwarai, kuma tarkon kullum *leave* ne da *stay*.

"God bless you" ko "God blesses you"?

*God bless you* addu'a ce, Allah ya yi maka albarka. *God blesses you* labari ne, Allah yana yi maka albarka. Rashin *s* ne ya mai da ita roƙo. Irin waɗannan tsofaffin maganganu su ne rumbun da yanayin ya ɓuya a ciki: *Long live the Federal Republic of Nigeria, Heaven forbid, So be it, Come what may, Be that as it may, Suffice it to say*. Alkawarin da yara ke karantawa a taron safe na makaranta yana ƙarewa da *So help me God*, shi ma haka ne, Allah ya taimake ni. Da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta rasu a watan Satumba na 2022, Ingilishi sun koma cewa *God save the King* maimakon *Queen*, amma *save* ba ta motsa ba. Har *goodbye* ma asalinta *God be with ye* ce, Allah ya kasance tare da ku, bakin mutane ya tauna ta har ta koma haka.

In kana son ƙirƙirar taka addu'ar, fara da *may*: *May God reward you, May his soul rest in peace*. Bayan *may* ma ba a sa *s*. Ana yawan ganin *May his soul rests* a sanarwar ta'aziyya, kuma kuskure ne.

Me ya cinye wannan yanayi a Turanci?

Zaizayar ƙarshen kalmomi. A tsohon Turanci, wanda aka yi kafin wajen shekarar 1100, aikatau yana da ɗafa-ƙeya iri-iri. "Yana waƙa" *singeth* ce, "ya yi waƙa" ta fata kuwa *singe*. A jam'i *singath* da *singen*. To amma Turanci yana danna ƙarfin murya a gaɓar farko, sai wasulan ƙarshe suka raunana, suka yi kama da juna, daga baya suka zube. Zaizayar ta fara tun kafin Normandawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila a 1066, ta ci gaba ƙarnuka bayan haka. Da sigogin suka haɗe, sai aikin ya koma kan wasu ƙananan kalmomi. *Were* ta tsira ne saboda *be* shi kaɗai ne aikatau da ke da siga biyu a shuɗaɗɗen lokaci.

Waɗanne ƙananan kalmomi ke nan? Su ma yanayi ne?

Su ne *can, could, may, might, must, shall, should, will, would*. Sunansu *modal verbs*, daga wancan tushe na *modus*. A ƙa'ida ba a lissafa su cikin yanayi uku, tun da ba siga ce ta aikatau ba, kalmomi ne masu zaman kansu. Amma su ke ɗauke da kayan a yau: yiwuwa, izini, tilas, shawara. Kamar yadda mu ma muke da "dole", "watakila", "ya kamata", "gara". Ba sa ɗaukar *s*, kuma aikatau da ke biye da su tsurarsa yake zuwa, ba *to* a tsakani. *He must go*, ba *He must to go* ba.

Ita kuma "lest" fa? Na gan ta a tsohuwar takardar tambayoyi.

Ma'anarta "don kada". Tsohuwar kalma ce, ba a cika jin ta a hira ba, amma tana jan aikatau tsurarsa ko *should*: *He hid the money lest it be stolen*, ko *lest it should be stolen*, ya ɓoye kuɗin don kada a sace. Korewar tana cikinta, saboda haka ba a ƙara mata *not* sai in ana nufin akasin haka. Wanda ya rubuta *lest it should not be stolen* ya ce mutumin ya ɓoye kuɗin ne don a tabbatar an sace su.